Haɓon da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa: Yaushe Ne Ƙari a Cikin Hanci Yake Zama Sanadi?

Shin haɓon da yake yawan dawowa alama ce ta wani ƙari da ya fito a cikin hanci, ko kuwa abu ne da bai kai a tayar da hankali a kansa ba? Tambayar takan taso duk lokacin da labari ya bazu cewa an yi wa wani saurayi tiyata an ciro masa tsiro daga can cikin hancinsa, bayan ya shafe watanni yana zubar da jini ana danganta abin da zafi ko mura. Daga nan sai mutane su rabu biyu. Wasu su tsorata har su riƙa ganin kowane ɗigon jini a kan matashin kan yaro a matsayin cutar daji, wasu kuma su ce haɓo ai ba ciwo ba ne, kowa ya yi shi yana yaro kuma ya wuce.

Masu cewa haɓo ba abin tsoro ba ne sun fi kusa da gaskiya idan aka duba yawan mutane, domin mafi yawan haɓo ba shi da wata alaƙa da ƙari. Amma akwai wasu nau'o'in ƙari da ba na daji ba, waɗanda ba kasafai ake samunsu ba, da haɓo ne yake fara tona asirinsu, kuma ƙarancin nasu shi ne yake sa a daɗe ba a gano su ba. Abin da yake bambanta irin wannan haɓo da na yau da kullum shi ne yadda yake zuwa, da gefen da yake fitowa, da abin da yake rakiyarsa, da kuma shekarun mai shi.

Yadda haɓon yau da kullum yake faruwa

Cikin hanci a lulluɓe yake da wata lallausar fata mai damshi wadda jijiyoyin jini suka cika, domin aikinta shi ne ɗumama iskar da ake shaƙa da jiƙa ta kafin ta isa huhu. A gaban shamakin da ya raba hanci gida biyu, daidai inda yatsa yake iya kaiwa, akwai wurin da ƙananan jijiyoyi da dama suka haɗu suka sarƙe da juna a ƙarƙashin fata mai rauni. Wani likitan tiyata ɗan Amurka, James Little, ya bayyana wurin a 1879, sannan likitan Jamus Wilhelm Kiesselbach ya yi rubutu a kansa a 1884, shi ya sa littattafan likitanci suke kiransa da sunan ɗaya daga cikinsu. Kusan kashi 90 cikin 100 na haɓo daga wannan ɗan wuri yake fitowa.

An ƙiyasta cewa kimanin mutum 60 cikin 100 za su yi haɓo aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kuma waɗanda abin yake kai su asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ya fi yawa a wurin yara 'yan ƙasa da shekara 10 da kuma manyan da suka haura 50. Busasshiyar iska, da ƙwaƙular hanci, da mura, da fyace majina da ƙarfi, da bugu a fuska su ne sanadin da aka fi sani. A wurin manya akan ƙara da magungunan da suke tsinka jini irin su asfirin da warfarin, da ciwon hanta, da cututtukan da suke hana jini daskarewa. Hawan jini kuwa, likitoci ba su gama daidaitawa a kan ko shi kansa yana tsinka jijiyar ba, amma an yarda cewa yana sa jinin ya yi wuyar tsayawa idan ya ɓalle.

Irin wannan haɓo yana jin magani. Mutum ya zauna, ya ɗan sunkuyar da kai gaba, ya matse taushin hancinsa da yatsu biyu na minti 10 zuwa 15 ba tare da yana saki yana leƙawa ba, yana numfashi ta baki. Ɗaga kai sama da mutane da yawa suke yi ba ya tsayar da komai, sai dai ya juya jinin zuwa maƙogwaro a haɗiye shi, daga baya ya tayar da zuciya. Wannan bayani yana da muhimmanci ga abin da ke tafe, domin matse hanci yana aiki ne saboda jijiyar da ta fashe tana gaba, inda yatsu suke iya danne ta. Jinin da yake fitowa daga ƙarin da ke can baya ba ya jin wannan matsi.

Me ake nufi da ƙarin da ba na daji ba?

Ƙari tarin ƙwayoyin halittar jiki ne da suka ci gaba da hayayyafa a wurin da ya kamata su tsaya. Ana kiransa na daji idan yana iya kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi ya lalata shi, kuma ya aika da 'ya'yansa ta hanyar jini ko kaluluwa zuwa huhu, ko hanta, ko ƙashi. Wanda ba na daji ba yana girma ne a inda ya fito kawai, ba ya ƙaura zuwa wata gaɓa.

A nan ne ake samun kuskuren fahimta mafi girma. Idan likita ya ce wa iyali abin ba daji ba ne, sukan ji kamar ya ce babu komai, har wasu su ɗage zancen tiyata zuwa wani lokaci. Ƙarin kitse da ya fito a baya ko a cinya yana iya zama shekara 20 bai dami kowa ba, domin yana da filin da zai girma. Hanci ba shi da wannan fili. Kogo ne matsattse wanda ƙasusuwa marasa kauri suka kewaye, idanu suna gefensa biyu, ƙwaƙwalwa tana samansa, maƙogwaro da hanyoyin da suke kai iska kunne suna bayansa. Abin da yake girma a cikinsa ba ya buƙatar zama daji kafin ya yi ɓarna. Yana bin duk wata kafa da ya samu ne kamar saiwar bishiya a gindin gini, yana tura ƙashi a hankali har ƙashin ya sirance ya ba da hanya.

Anjiyofaiburoma, ƙarin samari

Idan ana maganar ƙarin da ba na daji ba mai jawo haɓo, anjiyofaiburoma ne likitocin kunne, hanci da maƙogwaro suke fara kawowa a rai, duk da cewa bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na dukkan ƙarin da ake samu a kai da wuya ba. Kusan a wurin maza kaɗai ake ganinsa, galibi tsakanin shekara 10 zuwa 25, kuma ya fi yawa a shekarun balaga. An gano cewa ƙwayoyinsa suna ɗauke da kafofin da sinadarin namiji yake kamawa, abin da ya sa ake danganta tasowarsa da sauyin da jikin yaro yake yi a wannan lokaci. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba wani abin da yaron ko iyayensa suka yi ne yake kawo shi ba.

Yana tsirowa ne a can bayan hanci, kusa da wata 'yar huda a jikin ƙashi wadda babbar jijiyar da take ciyar da hanci take shigowa ta cikinta. Wurin fitowar tasa shi ne tushen matsalar gaba ɗaya, domin ya zauna ne a bakin hanyar jini, kuma a mararrabar da take buɗewa zuwa wurare da dama. Jikinsa kuwa cakuɗa ce ta nama mai tauri da jijiyoyin jini masu ɗimbin yawa. Lafiyayyar jijiya tana da tsoka a bangonta, wadda take tsukewa idan an yanke ta domin jini ya ragu har ya daskare. Yawancin jijiyoyin wannan ƙari ba su da cikakkiyar tsoka, saboda haka idan ɗaya ta fashe sai ta tsaya a buɗe. Wannan ne dalilin da ya sa haɓonsa yake zuwa da yawa, ba tare da an taɓa hancin ba, kuma yake daɗewa bai tsaya ba.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 15. Abin da yake fara lura da shi sau da yawa ba jini ba ne, toshewar ƙofar hanci ɗaya ce, wadda ake ɗauka mura ce, a ba shi maganin mura da na ɗigawa a hanci. Murar kowa tana warkewa cikin mako ɗaya ko biyu, tasa kuwa ta ƙi tafiya, kuma kullum gefe ɗaya take. Ya fara kwana baki a buɗe, ya fara minshari alhali da ba ya yi, muryarsa ta koma ta mai magana ta hanci. Sai wata rana jini ya ɓalle daga wannan gefen yana zaune ba abin da ya same shi, ya jiƙa ƙyalle, a matse hanci amma ya riƙa tofar da jini ta baki domin yana gangarowa ta baya. A kai shi wurin jinya mafi kusa, a cusa masa auduga, jinin ya tsaya, a sallame shi. Bayan makonni abin ya dawo. A hankali leɓɓansa da tafin hannunsa su yi fari, ya riƙa gajiya da haki idan ya yi 'yar tafiya, a auna a ce jininsa ya yi ƙasa, a rubuta masa maganin ƙarin jini. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai daidai ne a karan kansa, amma babu wanda ya leƙa inda jinin yake fitowa.

Idan aka bar shi ya ci gaba, alamominsa suna bin hanyar da ya bi. Idan ya danne bututun da ya haɗa bayan hanci da kunne, ruwa zai taru a kunnen wannan gefen, ji ya ragu. Idan ya fita ta gefe zuwa bayan ƙashin kunci, kumatu zai kumbura, fuska ta karkace. Idan ya shiga kwarmin ido, ido zai turo waje, ko mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu. A wasu lokuta yakan cinye ƙashin gindin ƙoƙon kai ya kai ga rufin ƙwaƙwalwa. Duk da haka, a ƙarƙashin madubin gwaji sunansa ƙarin da ba na daji ba.

Fafilomar da take girma ciki

Fafiloma kuma wani tsiro ne da ba na daji ba, ita ta manya ce, an fi samunta a wurin masu shekara 40 zuwa 70, kuma maza sun ninka mata sau biyu ko uku. Tana fitowa ne daga fatar bangon hanci na gefe, kusa da inda kogon ƙashin kunci yake buɗewa. Sauran tsiro irinta suna girma ne zuwa waje, ita kuwa fatarta tana nutsewa ne cikin naman da ke ƙarƙashinta, yanayin da masanin cututtuka ɗan Suwidin Nils Ringertz ya bayyana a 1938. Haɓonta bai kai na anjiyofaiburoma yawa ba. Sau da yawa majina ce mai jirwayen jini tare da toshewar gefe ɗaya da raguwar jin wari ko ƙamshi.

Abubuwa biyu suka sa likitoci ba sa wasa da ita. Na farko, a ido tana kama da tsiron hanci na gama-gari, wato farin tsiron nan mai laushi da yake fitowa wa masu daɗaɗɗen kumburin hanci da asma. Amma shi wannan na gama-gari yakan fito a gefe biyu ne kuma ba ya cika zubar da jini, saboda haka duk tsiron da aka gani a gefe ɗaya tak a hancin babban mutum ana aika shi ɗakin gwaji bayan an cire, ba a jefar da shi. Na biyu, a cikin kowane mutum 100 masu wannan fafiloma ana samun kimanin 5 zuwa 15 da cutar daji take ɓoye a cikinta ko take rikiɗewa zuwa daji daga baya. Ga kuma naci: idan aka yanke abin da ake gani aka bar gindin da ya manne da ƙashi, dawowa take yi. Shi ya sa likitan tiyata yake bin ta har inda ta kafu, ya kankare fatar wurin, ya goge saman ƙashin da na'ura.

Himanjiyoma da sauran ƙananan tsiro

Himanjiyoma dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini ne. Nau'in da aka fi gani a hanci ɗan ƙaramin jan tsiro ne, da wuya ya wuce santimita 1 ko 2, wanda yake fitowa a gaban shamakin hanci, wato daidai wurin da haɓon yau da kullum yake fitowa. Yana girma da sauri cikin makonni, kuma ko shafarsa aka yi sai ya yi jini. Ana alaƙanta shi da yawan ƙwaƙular hanci, da rauni, da cusa abu a hanci domin tsayar da wani haɓon da ya gabata, da kuma sauyin sinadaran jiki.

Masu juna biyu suna cikin waɗanda yake fitowa wa, kamar yadda irinsa yake fitowa a dasashinsu. Da yake ciki kansa yana sa hanci ya cushe ya riƙa ɗan zubar da jini, mace takan ɗauka laulayi ne kawai. A nan shawarar likitoci takan danganta da yawan jinin. Idan kaɗan ne, ana iya jira, domin sau da yawa tsiron yana motsewa da kansa bayan haihuwa. Idan kuwa yana zubar da jinin da zai rage wa mai ciki ƙarfi, ana cire shi a ƙona gindinsa, aikin da galibi ba ya buƙatar a sa mutum barci.

Akwai wasu da suka fi waɗannan ƙaranci: ƙarin da yake fitowa daga ƙwayoyin da suke kewaye da ƙananan jijiyoyin jini, wanda aka fi gani a wurin tsofaffi, da wanda yake fitowa daga tsokar bangon jijiya, da na rigar jijiyar da take kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, da na ƙananan halittun da suke samar da majina a jikin shamaki. Likita yana iya gama aikinsa bai ga ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba a rarrabe su sai a ɗakin gwaji.

Alamomin da suke nuna haɓon ba na yau da kullum ba ne

Yawan jini shi kaɗai ba ma'auni ba ne. Dattijon da yake shan maganin tsinka jini yana iya cika kwano ba tare da yana da wani ƙari ba, mai fafiloma kuma yana iya ganin jirwaye kawai a hankici. Abin lura na farko shi ne gefe. Busasshiyar iska da matsalar daskarewar jini ba sa zaɓen ƙofar hanci, yau dama gobe hagu, amma ƙari a wuri ɗaya yake zaune. Gaskiya ne yaro mai raunin jijiya a gefe ɗaya shi ma yana iya yin haɓo daga wannan gefen kullum, sai dai hancinsa a buɗe yake idan jinin ya tsaya. Haɗuwar jini da toshewar da ba ta sauya gefe, ba ta kuma tafiya bayan makonni, ita ce alamar da ta fi kowace nauyi. Mutum yana iya gwada kansa: ya danne ƙofa ɗaya ya shaƙi iska ta ɗayar, ya maimaita haka a lokuta daban-daban na yini, domin lafiyayyen hanci yana karɓa-karɓa ne tsakanin ƙofofinsa biyu.

Idan aka ƙara da toshewar kunne ɗaya, ko kumburin kunci, ko hawaye daga ido ɗaya, ko mutuwar wani sashe na fuska, ko haƙoran sama da suka fara girgiza, to babu sauran dalilin jira. Waɗannan alamomi ba sa tabbatar da cewa ƙarin ba na daji ba ne, domin cutar dajin hanci da ta bayan hanci su ma da irin waɗannan alamomi suke farawa. A wurin ƙaramin yaro kuma, majina mai wari da jini daga ƙofa ɗaya ta fi nuna cewa ya cusa wani abu ne a hancinsa. Duk hanyoyin suna kaiwa wuri ɗaya ne, wato a duba cikin hancin.

Dalilin da ya sa hoto yake gaba da wuƙa

Haska hanci da tocila yana nuna gaban kogon ne kawai. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro yana amfani da wani siririn bututu mai fitila da kyamara, kaurinsa kamar milimita 3 ko 4. Yakan fara fesa maganin da yake kashe zafi ya kuma motsar da kumburi, ya jira 'yan mintuna, sannan ya zura bututun a hankali ta ƙasan hanci har zuwa baya, majiyyaci yana zaune ido biyu, wani lokaci yana kallon cikin hancinsa a allo. Binciken ba ya wuce 'yan mintuna, kuma shi ne yake raba mai tsiro da marar tsiro.

A yawancin ƙarin jiki, mataki na gaba shi ne a yanko ɗan nama a kai gwaji. A hanci ba a gaggawar yin haka. Idan aka ga jan tsiro mai santsi a bayan hancin saurayi, ƙa'ida ita ce kada a taɓa shi, domin yanko ɗan yanki daga anjiyofaiburoma a ɗakin duba marasa lafiya yana iya ɓalle jinin da ba za a iya tsayar da shi a wurin ba. Haka nan a wurin jarirai da ƙananan yara, abin da yake kama da tsiro yana iya kasancewa wani sashe ne na ƙwaƙwalwa ko rufinta da ya zurmo ta wata huda da aka haifi yaron da ita. Wannan ya isa ya nuna haɗarin barin wanda ba gwani ba ya ja, ko ya ƙona, ko ya yanke wani abu da ya gani a cikin hanci.

Hoton CT yana nuna ƙashi da inda aka tura shi ko aka cinye shi, hoton MRI kuma yana nuna iyakar naman da ko ya kusanci ido ko ƙwaƙwalwa. Anjiyofaiburoma yana da wata shaida da likitocin Amurka biyu, Holman da Miller, suka bayyana a 1965: bangon baya na kogon ƙashin kunci yakan lanƙwasa zuwa gaba saboda turin da ƙarin yake yi masa. Idan aka haɗa wannan da shekarun yaron da yadda ƙarin yake shan ruwan allurar hoto, likitoci sukan gamsu da abin da suke fuskanta ba tare da sun yanki komai ba.

Inda likitoci suke da saɓani

An yi ittifaƙi cewa tiyata ce babbar maganin anjiyofaiburoma, amma akwai muhawara a kan yadda za a yi ta. A da sai an tsaga gefen hanci, ko a bi ta ganɗa, ko a ɗaga fatar fuska ta ƙarƙashin leɓen sama kafin a kai ga ƙarin, aikin da yake iya barin tabo ko ya taɓa girman ƙashin fuskar yaron da bai gama girma ba. Daga shekarun 1990 aka koma bin ƙofar hanci da kyamara, kuma yanzu da haka ake cire yawancin ƙanana da matsakaita. Saɓanin ya rage ne a kan manyan da suka shiga ƙoƙon kai, inda wasu suke ganin buɗe fuska ya fi ba da damar tsayar da jini idan ya ɓalle, wasu kuma suke ganin gwanin kyamara yana iya kaiwa ko'ina.

Akwai kuma batun toshe jijiyar da take ciyar da ƙarin kafin tiyata. Ana zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya, a bi da shi har zuwa reshen da yake bayan ƙashin kunci, a tura wasu ƙananan ƙwayoyi su toshe shi, galibi awa 24 zuwa 48 kafin aiki. Amfaninsa a fili yake: jinin da ake zubarwa yana raguwa sosai, likita kuma yana ganin abin da yake yi. Amma idan ƙwayoyin suka kauce zuwa jijiyar ido ko ta ƙwaƙwalwa suna iya jawo makanta ko shanyewar ɓarin jiki, ko da yake hakan ba ya cika faruwa, kuma wasu likitoci suna ganin ƙarin da ya motse yana iya ɓoye ɗan ragowarsa a cikin ƙashi. Saboda haka akwai masu tsallake wannan mataki idan ƙarin ƙarami ne. Ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi irin wanda ake yi wa masu daji yana tsayar da girmansa, sai dai ana ajiye shi ne domin wanda wuƙa ba za ta kai gare shi lafiya ba, saboda illar da hasken yake iya yi wa yaro bayan shekaru masu yawa. An gwada magungunan da suke danne sinadarin namiji domin rage girmansa kafin aiki, amma sakamakon bai zo iri ɗaya ba.

Muhawarar da ta fi shafar talaka ita ce wa ya kamata a tura wurin ƙwararre. Ba zai yiwu a ɗauki hoton kan duk mai haɓo ba. Kuɗi ne mai yawa, hasken CT ba abin da ake so a yawaita wa yara ba ne, kuma kusan dukkansu ba za a ga komai ba. A ganina, gyaran yana cikin tambayoyin da ake yi a wurin jinya na farko, waɗanda ba sa cin ko sisi: wane gefe ne, sau nawa ya faru, kuma hancin yana buɗewa bayan jinin ya tsaya? Saurayin da aka cusa wa auduga a ƙofa ɗaya karo na biyu ko na uku ya cancanci takardar zuwa wurin mai kyamara.

Bayan an cire

Bambancin gano abin da wuri da gano shi a makare yana bayyana ne a girman aikin. Ƙaramin ƙari ana cire shi ta hanci, a kwana kaɗan a asibiti, babu tabo a fuska. Babba yana iya buƙatar likitan ƙwaƙwalwa a ɗakin tiyata, da ledojin jini da aka tanada, wani lokaci da aiki fiye da ɗaya, tare da abin da hakan yake ja na kashe kuɗi da katsewar karatu ko sana'a.

Ko an cire, ba a sallamar majiyyaci gaba ɗaya. Anjiyofaiburoma yakan dawo ne daga ragowar da ta maƙale a ƙananan ramukan ƙashin gindin ƙoƙon kai, yawanci cikin shekara biyu ko uku na farko, shi ya sa ake maimaita hoton MRI da duba da kyamara a wannan tsakani. Idan ragowar ƙarama ce kuma ba ta girma, likitoci sukan zuba mata ido kawai, domin an ga tana tsayawa ko ta motse bayan yaro ya wuce shekarun balaga. Mai fafiloma kuwa ana bibiyarsa aƙalla shekara biyar, wasu likitocin ma ba sa yanke bibiyar, saboda an sha ganin ta dawo bayan an ɗauka an rabu da ita.